Yadda Muka Mayar da Kwamfutocin Ofishinmu Kan Linux

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya rufe wa'adin kula da Windows 10, wato ya daina aiko da gyare-gyaren tsaron da aka saba samu duk wata. An daɗe da sanar da wannan rana, don haka tun farkon shekarar na soma bin 'yan kwamfutocin ofishinmu ɗaya bayan ɗaya. Ni aka ɗora wa kula da su, ba don ni injiniya ne ba, sai don ni kaɗai ne ba na jin tsoron danna abin da ban sani ba. Windows 11 yana da sharuɗɗansa: dole na'ura ta kasance da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma firosesarta, wato guntun da ke sarrafa duk aikinta, in ta kamfanin Intel ce, galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka soma fitowa a 2017. Mafi yawan namu sun girmi wannan sharaɗi. Lafiyarsu ƙalau, suna buɗe takardu, suna shiga intanet, firinta na jin maganarsu, amma a ƙa'ida sun zama tsofaffi.

Hanyoyin da ke gabanmu ba su da yawa. Ko mu sayi sababbi, ko mu shiga tsarin ƙarin wa'adi wanda shi ma yana da ranar ƙarewa, ko mu ci gaba da aiki ba gyaran tsaro mu bar wa Allah. Ko kuma mu cire babbar manhajar gaba ɗaya mu ɗora wata. Na kai wa shugaban ofis shawarar ta ƙarshe. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ni abu ɗaya na sani. Ranar da na ce a kawo min wasiƙa, a kawo min wasiƙa." Na ce, "Ranka ya daɗe, in sha Allah." Iyakar izinin da na samu ke nan, kuma ya wadatar.

Ga wanda bai san zancen ba, manhajojin da nake magana a kansu su ne waɗanda aka bar rubutun tushensu a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kwafa, ya raba wa wasu, kuma lasisinsu ne da kansa ya ba shi wannan dama. Richard Stallman ne ya ɗauko wannan tafiya a 1983 da shirinsa na GNU, daga baya ya rubuta lasisin GPL, wanda ya ce in ka gyara manhaja ka raba wa jama'a, to dole ka ba su tushen gyaranka a kan sharaɗin da kai ma ka samu. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fitar da zuciyar tsarin da ake kira Linux. Yau duk mai riƙe da wayar Android yana ɗauke da wannan zuciya a aljihunsa, kuma tun Nuwamban 2017 manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk a kan Linux suke. Inda abin ya yi nawa shi ne kan teburin ma'aikaci na yau da kullum, kuma bayan na bi hanyar da ƙafata na gane dalili.

Ban taɓa Windows ba da farko. Takarda na ɗauka na zagaya wurin kowa, na ce ya faɗa min abin da yake buɗewa daga safe zuwa tashi. Ban tambayi sunan manhaja ba, aikin na tambaya. Amsoshin sun zo gajeru fiye da yadda na zata: rubuta wasiƙa, jadawalin lissafi, imel, shiga shafukan intanet, buɗe PDF, sikanin takarda, wani lokaci gyara hoto don sanarwa. Abu ɗaya ne ya fita daban, manhajar akanta, kuma zan zo kanta.

Sai na soma sauya manhajojin a cikin Windows ɗin da suka saba da shi. Firefox don shiga intanet, Thunderbird don imel, VLC don bidiyo, LibreOffice don rubutu da lissafi, GIMP ga mai gyara hoto. Duk suna aiki a Windows kamar yadda suke yi a Linux, don haka mutum zai koyi sabon abu ɗaya yana tsaye a wurin da ya sani. Wannan dabara ba tawa ba ce. Rundunar jandarmomin Faransa ta bi wannan layi: a 2005 suka koma OpenOffice, manhajar rubutu da lissafi, bayansa Firefox da Thunderbird, sai a 2008 suka soma ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux. Jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus, wadda a 2024 ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000, ita ma da LibreOffice ta fara, ta bar Linux zuwa gaba. Na ce in masu dubban na'urori sun ga hikimar tafiya a hankali, mu masu 'yan ƙalilan ba mu da dalilin gaggawa.

Firefox da VLC babu wanda ya ce uffan a kansu. Imel ma bai ba da wahala ba, domin saƙonninmu a can kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe imel, suke zaune ta tsarin IMAP, Thunderbird ya jawo su kawai, har da foldodin da kowa ya tsara. LibreOffice ne ya ci mafi yawan lokacina, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya.

Hajiya, sakatariyarmu, tana da tarin takardu na shekara da shekaru: wasiƙu masu tambarin ofis a sama, fom-fom masu akwatuna, rahotanni masu lambar shafi. Ranar farko da ta buɗe wata wasiƙa mai shafi ɗaya, sai ta ga sa hannu ya zame ya koma shafi na biyu. Ta kira ni. "Malam, zo ka ga abin da kayanka suka yi min." Na duba, rubutun duk yana nan, ko harafi ɗaya bai ɓata ba, amma layukan sun ɗan faɗaɗa. Dalilin shi ne nau'in haruffa. An rubuta takardar da Calibri, wanda yake zuwa tare da kayan Microsoft. Idan na'ura ba ta da shi, sai ta ɗauko wani ta saka a madadinsa, kuma in faɗin haruffan ya bambanta ko da kaɗan ne, layi zai karye a wani wuri daban, shafi ya tura shafi. Na yi wa tata na'urar wannan gwaji da gangan a kan Linux na wucin gadi da ake tayarwa daga filash, don in ga abin da zai faru tun kafin ranar sauyi. Maganin yana nan tuntuni: akwai Carlito, wanda aka auna faɗin kowane harafinsa daidai da na Calibri, akwai Caladea a madadin Cambria, sannan jerin Liberation yana tsaya wa Arial da Times New Roman. Da na saka su, sa hannun ya koma mazauninsa.

Bayan haruffa sai tsarin fayil. LibreOffice yana buɗe docx da xlsx na Microsoft, yana kuma ajiyewa a cikinsu, amma nasa na asali shi ne ODF, wato odt ga rubutu, ods ga lissafi, tsarin da hukumar ISO ta amince da shi tun 2006. Muka zauna muka yanke ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Abin da zai zauna a cikin ofis, a ajiye shi a ODF. Abin da za a aika wa wani ya karanta kawai, a mayar da shi PDF, wanda maɓalli ɗaya ne a saman allo. Abin da wani na waje zai gyara ya dawo da shi, a aika masa a docx, kuma a sake buɗewa a duba kafin a tura. Wannan na ukun ne har yau yake ɗan kawo ƙura, musamman takarda mai tebur a cikin tebur ko hoto da aka manna shi a tsakiyar rubutu. Na lura da wani abu a nan: takardar da aka tsara ta da danna sarari da shiga sabon layi har sai abu ya zauna inda ido yake so, ita ce take wargajewa. Wadda aka tsara da salon kanun rubutu da tazarar da aka saita tun farko, tana wucewa lafiya ko ina aka kai ta. Don haka ni da Hajiya muka sake gina samfurin wasiƙar ofis da na rahoto daga tushe. Aiki ne mai gundura, amma a duk abin da na yi shi ya fi amfani.

Ta kuma yi kukan cewa maɓallan ba sa inda ta saba ganinsu. LibreOffice yana da zaɓin sauya fuska zuwa mai shafuka a sama, mai kama da wadda ta sani. Na kunna mata. Ta yi kwanaki da ita, daga baya da kanta ta ce in mayar mata da ta farko, wai ta fi ganin komai a fili.

Jadawalin lissafi kuwa, duk wanda yake ɗauke da tarawa da ɗebewa da neman abu a wani shafi ya buɗe daidai. Guda ɗaya mai makro, wato ɗan shirin da wani ya rubuta a ciki shekarun baya don ya riƙa haɗa rahoton wata, shi ne ya tsaya. LibreOffice yana fahimtar wani sashe na harshen VBA da ake rubuta makron Microsoft da shi, ba duka ba. Da na bi abin da makron yake yi, sai na tarar tebur mai taƙaita bayanai zai yi aikin ba tare da shi ba, muka yar da shi.

Sai da kowa ya zauna daram a kan waɗannan manhajoji na koma kan babbar. Linux ba abu ɗaya ba ne da ake saukewa daga wuri ɗaya. Ƙungiyoyi da kamfanoni daban-daban suna haɗa zuciyar da sauran kaya su fitar da nasu rabon: Debian tun 1993, Ubuntu na kamfanin Canonical tun 2004 wanda aka gina a kan Debian, Fedora, da wasu da yawa. Masu sha'awar abin suna iya kwana suna gardama a kan wanne ya fi, ni ban shiga ba. Na ɗauki Linux Mint mai fuskar Cinnamon, saboda maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu, agogo ta dama, kamar yadda idon mutanena ya saba, kuma jerin Mint 22, wanda aka gina a kan Ubuntu 24.04, zai ci gaba da samun gyara har 2029. Ga na'ura mafi rauni a cikinsu na zaɓi fuskar Xfce, wadda ba ta cin ƙwaƙwalwa sosai.

Na sauke fayil ɗin, wanda ya kusa giga 3, na kwatanta lambar tantancewarsa ta SHA256 da wadda aka wallafa don in tabbatar bai lalace a hanya ba kuma ba a sauya shi ba, sannan na rubuta shi a kan filash da wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus. Daɗin abin shi ne ana iya tayar da kwamfuta daga wannan filash a yi aiki da Linux sosai ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'urar ba. In an cire filash aka sake kunnawa, Windows yana nan yadda aka bar shi. Gani ya kori ji: haka na bi kowace na'ura ina gwada sauti, kyamara, Wi-Fi, firinta da sikana, ina rubuta abin da ya amsa da wanda ya yi shiru. Maɓallin da ake dannawa don zaɓar filash lokacin tashi ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wata F12, wata F9, wata Esc, sai an lalubo.

Kafin ɗorawa na kwashe fayilolin kowa zuwa faifan waje, na sake yin kwafi na biyu a wani faifan, na kuma buɗe wasu daga ciki don in tabbatar da gaske sun kwafu. Abin da mutane suke mantawa ba manyan foldodi ba ne, ƙanana ne: abin da aka zubar a fuskar allo, foldar saukewa, kalmomin sirrin da burauza ta haddace musu har su sun manta. Wanda faifansa yake kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, na nemo mabuɗin buɗewarsa na ajiye tun kafin in taɓa komai.

Ɗorawar kanta ita ce mafi gajarta a duk labarin. Harshe, madannai, yankin agogo, suna da kalmar sirri, sai tambaya ɗaya mai nauyi: a share faifan duka, ko a zaunar da Linux kusa da Windows? A na'urar farko na bar su biyun, don hankalin kowa ya kwanta. Wannan ya zo da ɗan abin dariya: duk lokacin da aka koma Windows sai a tarar agogo ya kauce, domin Linux yana ɗaukar agogon cikin na'ura a matsayin lokacin duniya na UTC, shi kuwa Windows yana ɗaukarsa lokacin gida. Layin umarni ɗaya ya daidaita su. Sauran na'urorin na share su gaba ɗaya.

Laftof ɗaya ta ƙi ganin Wi-Fi sam, kamar yadda gwajin filash ya riga ya nuna min. Katinta na buƙatar direba, wato ɗan shirin da ke sa tsarin ya iya magana da katin, wanda masu ƙera shi ba su buɗe tushensa ba, don haka ba ya zuwa a kunne. Na jona ta da wayata ta kebul ta sami intanet, na buɗe manajan direbobi na Mint, ya gano katin da kansa, na danna, na sake kunnawa, ta kama. Firinta kuwa, wadda na fi fargaba, tana kan layin ofis, kuma tun kafin in neme ta ta bayyana da kanta, domin sababbin firintoci suna magana da harshen da ba ya buƙatar direba. Tsohuwar sikana ce ta sa na yi ta karatu a dandalin masu amfani, inda na tarar wani ya riga ya yi tambayata shekaru da suka wuce, wani kuma ya amsa masa dalla-dalla. Na ƙara tsarin madannai na Hausa, wanda yake cikin jerin tun asali, don masu rubuta ƙ da ɗ da ɓ su huta da kwafo su daga wani wuri.

Na kunna Timeshift a kowace na'ura. Shi yana ɗaukar hoton tsarin lokaci-lokaci, in sabuntawa ta kawo matsala a koma baya. Amma a saitinsa na asali ba ya kwafe takardun mutum, don haka faifan waje bai yi ritaya ba. Abin da ya fi sauya min aiki shi ne yadda ake samun manhaja. Babu sauran yawo a shafukan intanet ana neman maɓallin saukewa na gaskiya a cikin na bogi. Akwai rumbu ɗaya, a nema a danna, kuma manajan sabuntawa yana gyara tsarin da manhajojin duka a tafi ɗaya, a lokacin da mutum ya ga dama.

Manhajar akanta ce ta gagara. Masu ita Windows kaɗai suka yi wa, kuma shekarun lissafinmu duk suna cikinta. Na gwada ta da Wine, wanda yake barin wasu manhajojin Windows su yi aiki a Linux. Ta buɗe, amma rahotanninta ba sa fita daidai, kuma lissafin kuɗi ba wurin a ce "da dama-dama" ba ne. Akanta ya dube ni ya ce, "Malam, ka bar min tawa." Na bar masa. Na'urarsa ce mafi sabunta, ta cika sharuɗɗan Windows 11, muka ɗaukaka ta can. Wasu masu kishin wannan tafiya za su ce an yi rabin aiki. Ni ban gan shi haka ba. Birnin Munich na Jamus ya kai kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux zuwa 2013, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. An yi ta muhawara a kan ko siyasa ce ko fasaha, amma cikin koke-koken da aka riƙa ji akwai na manhajoji na musamman da na musayar takardu da sauran hukumomi. A ɗan ƙaramin ofishinmu ma nan ne igiya take tsinkewa in an ja da ƙarfi, don haka ban ja ba.

Shugaba ya yi min tambaya ɗaya mai kyau bayan an gama: in kowa na iya ganin tushen, ashe ɓarawo ma yana gani? Na ce masa haka ne, yana gani. Kuma buɗewar ba laya ba ce. A 2014 an gano ramin Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan duniya suke dogara da ita wajen ɓoye bayanai, aka kuma tarar mutane ƙalilan ne suke ɗawainiya da ita. A Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund, wanda ma'aikacin Microsoft ne ma, ya lura shiga wata na'ura yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata. Da ya bi diddigi sai ya tono ƙofar baya da aka dasa da gangan a cikin xz, wata manhajar matse fayil, bayan wanda ya dasa ta ya shafe shekaru yana neman yardar mai kula da aikin. An kama ta kafin ta kai ga mafi yawan jama'a. Labarin yana da fuska biyu, kuma na faɗa masa duka: an iya dasawa saboda aikin ya rataya a wuyan mutum ɗaya da ya gaji, an iya kamawa saboda wani na waje yana da damar buɗewa ya duba.

Wannan ne ya sa na nemi a saka ɗan layi a kasafin ofis na gudummawa ga The Document Foundation, gidauniyar da take riƙe da LibreOffice tun da aka ɓalle daga OpenOffice a 2010, da kuma masu haɗa Mint. Shugaba ya ce ai na gaya masa babu kuɗin lasisi. Na ce babu, amma akwai masu aikin, kuma wasiƙunsa yanzu a kan guminsu suke fita. Ya sa hannu.

Abin da ya rage a gabana shi ne lissafin akanta. Ina gwada GnuCash, manhajar lissafin kuɗi mai buɗaɗɗen tushe, a gefe da kwafin bayanan shekarar da ta wuce, in ga ko zai fitar da rahoton da masu binciken kuɗi suke karɓa. In ya fitar, zan kai masa ya gwada da hannunsa a farkon sabuwar shekarar kuɗi, lokacin da littafi yake fari. In bai fitar ba, na'urarsa za ta ci gaba da zama a kan Windows 11, tana tura rahotonta a PDF zuwa sauran.